Kyamarar Kan Titi: A Gyara Danja Kafin A Fara Yanka Tara

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2025, Ma'aikatar Sufuri ta Jihar Legas ta ba da sanarwar cewa ta kafa kyamarori a wasu manyan titunan birnin, domin kama direbobin da ke gudun wuce ƙima da kuma masu keta jar wuta a mahaɗar hanyoyi. An ƙayyade gudun kilomita 80 cikin sa'a guda a Alapere, da kilomita 60 a kan titin Mobolaji Bank Anthony da ke Ikeja. An sa tarar gudu Naira 50,000, ta keta danja kuwa Naira 20,000, kuma an shirya saƙon tarar ya iske mai mota a wayarsa ba tare da wani jami'i ya ɗaga masa hannu ba.

Abin da Legas ta fara a sha'anin tituna, ba a cika daɗewa ba sauran jihohi kan bi sawu. Ita ce ta kafa hukumar LASTMA a shekarar 2000, sai ga Kano ta kafa KAROTA a 2012, Kaduna ma ta kafa tata. Saboda haka ya kamata 'yan kasuwar Jos, musamman na Gangare da Dilimi da kewayen Taminus, waɗanda dukiyarsu ke kwana ta tashi a bisa taya, su san matsayinsu game da wannan na'ura tun da wuri. Matsayin da hankali zai ɗauka shi ne, kyamara tana rage mutuwa a kan titi, kuma ɗan kasuwa yana cikin waɗanda za su fi cin moriyarta, amma da sharaɗin a kafa ta domin hana laifi. Idan kuwa aka kafa ta domin cika baitulmali, to, sabon haraji ne aka sauya wa suna.

Da farko dai, a dubi girman asarar da ake neman magancewa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta bayyana cewa mutum 5,081 ne suka rasu a haɗurran mota a 2023, adadin ya ƙaru zuwa 5,421 a 2024, kuma shekara da shekaru gudun wuce ƙima ne ke kan gaba a jerin dalilan da take bayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan tituna kowace shekara, tana kuma cewa haɗurra na cinye wa akasarin ƙasashe kusan kashi 3 cikin 100 na arzikin da suke samarwa. Ga ɗan kasuwa, wannan lissafi ba na takarda ba ne. Motar da ta ɗauko tumatir daga Farin Gada ko dankali daga Bokkos da Mangu, idan ta kife, kaya sun tafi, mota ta tafi, wani lokaci har da direban da ke ciyar da gida guda. Galibin motocin haya kuwa ba su da inshorar da ta wuce ta cika ƙa'ida, don haka mai kaya da mai mota su ke rungumar asarar.

Dalilin da ya sa ake matsa wa gudu lamba a bayyane yake. Idan direba ya ninka gudunsa sau biyu, tazarar da mota za ta ci bayan ya taka birki takan ninka sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100, kuma mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana gudun kilomita 65 ya fi wanda ta buge tana gudun kilomita 50 shiga haɗarin mutuwa har sau huɗu da rabi. Dokar hanya ta Nijeriya ta tsayar da kilomita 50 a cikin gari. Ke nan ba rashin doka ake fama da shi ba, rashin mai tsare ta ne.

A nan ne ilimin tattalin arziki yake da abin faɗa. Tun a 1968 masanin nan, Gary Becker, ya yi bayanin cewa mai niyyar keta doka yakan auna abu biyu: girman hukunci, da kuma yiwuwar a kama shi. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi. Direban da ya san cewa cikin keta danja sau ɗari sau ɗaya za a tsayar da shi, kuma ko an tsayar da shi akwai damar a sasanta a bakin titi, ba zai ji tsoron tara ba ko da ta kai Naira dubu ɗari. Kyamara tana sauya wannan lissafi. Ba ta gajiya, ba ta tashi aiki da magariba, ba ta karɓar na goro. Daɗin daɗawa, a gari irin Jos, wanda ya sha fama da rikici a 2001 da 2008 da 2010, inda har yanzu ake lallaɓa amana tsakanin al'ummomi, ba ƙaramin abu ba ne a sami mai tsaron doka da ba ya tambayar sunan mutum ko unguwarsu kafin ya rubuta laifi.

Ƙasashen da suka daɗe da na'urar sun tara shaida a kanta. Wani direban tseren motoci ɗan ƙasar Holan, Maurice Gatsonides, shi ya kafa kamfanin da ya yi fice wajen ƙera ta a 1958. Ingila ta fara kafa kyamarar gudu a yammacin Landan a 1992, kuma wani rahoton gwamnati na 2005 ya nuna cewa yawan waɗanda suka mutu ko suka ji mummunan rauni ya ragu da kashi 42 cikin 100 a wuraren da aka kafa ta. Masana ƙididdiga sun ja hankali cewa wani ɓangare na wannan ragi zai faru ko da babu kyamara, domin akan zaɓi wuri ne bayan shekararsa mafi muni, shekarar da ke biye kuma takan zo da sauƙi. Amma ko da aka cire wannan, an ga saura mai kauri. Faransa ta fara tata a 2003, kuma mace-macen tituna, waɗanda suka haura 7,000 a 2002, sun sauko ƙasa da 4,000 a 2010.

Kyamarar danja kuwa tana da fuska biyu. Wani binciken Hukumar Manyan Hanyoyi ta Tarayyar Amurka na 2005 ya gano cewa karon da mota ke yi wa wata ta gefe ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100, amma bugun baya ya ƙaru da kusan kashi 15, saboda direbobi na taka birki ba zato don gudun tara. Da yake karon gefe shi ne ya fi kisa, an ci riba a jimlace, sai dai ribar ba ta kai yadda masu tallar na'urar ke kururutawa ba.

To, me ya sa jama'a ke ƙin abin da ke ceton ransu? Amsar tana ga yadda aka tafiyar da shi. A birnin Chicago, an gano cewa kamfanin Redflex ya sami kwangilar kyamarorin danja ne ta hanyar cin hanci, har aka ɗaure wani jami'in birnin shekara 10 a 2016. A 2014 kuma an gano cewa an yanka wa dubun dubatar direbobi tara a wuraren da wutar rawaya ba ta cika daƙiƙa uku ba. Jihar Texas ta haramta kyamarar danja a 2019. Lardin Ontario na Kanada ya soke kyamarar gudu a 2025, bayan shugaban lardin ya kira ta hanyar tatsar jama'a. A Faransa ma, lokacin zanga-zangar masu rawayar riga, ministan cikin gida ya shaida a Janairun 2019 cewa an lalata kusan kashi 60 cikin 100 na na'urorin.

Misalan Afirka sun fi kusa da halin da Jos ke ciki. A Ruwanda, koke-koken direbobi kan yawan tara sun kai Shugaba Paul Kagame ya sa baki a watan Nuwamba na 2021, inda ya nemi 'yan sanda su sake duba iyakar gudun da aka sa, domin ta yi ƙasa ainun a wasu wurare. A Yuganda, gwamnati ta dakatar da tsarin tarar kyamara a watan Yuni na 2025, ba da jimawa ba da fara shi, saboda direbobi sun tayar da ƙayar baya kan girman tarar da ƙarancin alamun hanya. A duk waɗannan wurare, na'urar ta yi aikin da aka sa ta. Abin da ya faɗi shi ne yardar jama'a da niyyar waɗanda suka kafa ta.

Akwai wani saɓani a cikin wannan harka da duk ɗan kasuwa zai gane nan take. Kyamarar da ta yi nasara takan kashe kasuwar kanta, domin idan direbobi suka shiryu, tara takan ragu. Saboda haka duk gwamnatin da ta sa kuɗin tara a cikin kasafinta a matsayin kuɗin shiga da take fatan su ƙaru, ta ɗaura wa kanta buƙatar a ci gaba da keta doka. Lamarin ya fi muni idan aka ba ɗan kwangila kamasho a kan kowace tara. Irin wannan ɗan kwangila zai so a kafa kyamara a miƙaƙƙen titi inda kowa ke ɗan ƙara wuta, ba a ƙofar makaranta inda ake buge yara ba. Zai so a ɓoye alama, a kuma taƙaita wutar rawaya. Ba sai ya zama mugu ba, yarjejeniyar ce ta nuna masa inda riba take.

Idan aka dawo gida, wajibi ne a fara tambayar irin cutar da titunan Jos ke fama da ita kafin a rubuta magani. Gangare tsohuwar unguwa ce da ta ginu tun zamanin haƙar kuza, lokacin da jirgin ƙasa ya iso Jos daga Zariya a 1914, kuma ba a shata lungunanta don yawan motocin yau ba. Wanda ya san hanyar da ta bi ta Masallacin Juma'a zuwa Taminus da titin Ahmadu Bello ya san cewa da rana ba gudu ne matsala a can ba. Cunkoso ne, da ajiye mota barkatai, da sauke kaya a tsakiyar hanya, da kasa haja a bakin kwalta. Tun da babbar kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, dubban 'yan kasuwa suka bazu a titunan da ke kewaye da ita. Hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru a 2012 ya ƙara yawan Keke Napep a kan waɗannan tituna. Dokar zartarwa mai lamba 003, wadda Gwamna Caleb Mutfwang ya sa wa hannu a 2024, ta taƙaita shigar manyan motoci tsakiyar gari a lokutan hada-hadar rana, abin da ke nuna cewa gwamnati ma ta san inda gizo ke saƙa. Kyamarar gudu a irin wannan wuri ɓarnar kuɗi ce. Abin da ake bukata shi ne wurin sauke kaya, da tashar keke, da rumfunan da za su ɗauke mai talla daga kan titi.

Inda kyamara za ta yi amfani shi ne faffaɗan hanyoyin da ke shiga gari da fita, kamar hanyar Zariya da hanyar Bauci da titin Yakubu Gowon da ya nufi Bukuru, inda mota ke samun sarari ta saki gudu alhali mutane na tsallakawa, da kuma manyan mahaɗu masu danja. Ko a nan ma akwai iyaka. Hawan Kibo, a kan hanyar Akwanga, ya yi suna wajen cin rayuka, amma tirelar da birkinta ya tsinke a gangara ba hoto zai tsayar da ita ba. Maganinta binciken lafiyar mota ne, da hana lodin da ya wuce ƙima, da gyaran hanya. Akwai kuma darasi a dokar na'urar ƙayyade gudu da FRSC ta fara tilasta wa motocin haya a watan Fabrairu na 2017. Masu motoci sun kashe kuɗi, amma shekaru bayan haka gudu bai sauka daga saman jerin dalilan haɗari ba. Na'ura ita kaɗai ba ta gyara halin da ba a bibiya.

Sharaɗi na farko ke nan shi ne a gyara abin da kyamara za ta tsare. Ba a tuhumar mutum da keta jar wuta sai wutar tana kamawa dare da rana, da hasken rana ko batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke lantarki, sai an ja layin tsayawa a kan kwalta, sai an kafa allon da ke faɗin iyakar gudu da wanda ke gargaɗin cewa akwai kyamara a gaba. Sannan sai an ware kuɗin kula da ita. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar Dalar Amurka miliyan 470 don tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori a Abuja da Legas, akasarin kuɗin kuma rance ne. Ba a ɗauki shekaru masu yawa ba aka wayi gari turakun na tsaye babu aiki, bashi kuwa yana nan. Jihar Filato ba ta da rarar da za ta maimaita wannan.

Sharaɗi na biyu ya fi shafar aljihun ɗan kasuwa kai tsaye. Kyamara ba ta san direba ba, lambar mota ta sani, tara kuma takan tafi ga sunan da ke cikin rajista. A kasuwar motocin hannu, sau da yawa mota takan wuce hannu uku ko huɗu ba a sauya sunan mai ita ba. Keke da yawa an ba da su ne a kan biya sannu a hankali, takardu na hannun mai jari, tuƙi na hannun wani. Mai shago a Dilimi da ke da motar kai kaya biyu zai iya tarar da tarin tara ranar da ya je sabunta takardu, a kan laifin da yaransa suka yi watanni da suka wuce. Saboda haka dole a tsaftace rajistar motoci tukuna, a sauƙaƙa sauya suna da rahusa, a kuma sa doka ta ba mai mota damar bayyana wanda ke riƙe da sitiyari a lokacin. Su ma masu motoci sai su fara rubuta wa aka ba mota, yaushe, su kuma sake duba kuɗin da suke ɗora wa direba ya kawo kullum, domin balas mai nauyi shi ke sa ƙafa ta danne totur.

Na uku shi ne girman tarar. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Tarar Naira 50,000 ta cinye fiye da kashi 70 cikin 100 na albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, alhali ga mai babbar mota kuɗin man 'yan kwanaki ne. Ƙasar Finland ta daɗe tana auna tarar manyan laifukan hanya da abin da mutum ke samu. Wannan zai yi wuya a inda akasarin jama'a ba su da takardar albashi, amma ana iya bambanta tara bisa nau'in mota da kuma yawan abin da aka ɗora a kan iyaka, a fara da watannin gargaɗi ba tara, a kuma tsananta wa mai maimaitawa. Tunda kyamara ta riga ta kawo tabbacin kamu, babu bukatar tara mai karya jari.

Na huɗu shi ne adalci. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a hukunta shi. Wanda aka aika wa tara yana da haƙƙin ganin hoto da lokaci da wuri, da kuma ofishin da zai kai ƙorafi a yanke masa cikin kwanaki, ba tare da ya rufe shago mako guda ba. Bayanan zirga-zirgar jama'a da na'urar za ta tara suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023, kuma ya kamata a faɗi wanda zai riƙe su da ranar da za a goge su. Haka nan, idan ayarin manya da motocin gwamnati da masu rufe lamba da ƙyalle za su wuce ba a taɓa su ba, to, babbar hujjar kafa kyamara ta rushe. Wuraren da za a kafa ta kuma a zaɓe su da alƙaluman haɗari na FRSC da 'yan sanda, a buga su kowa ya gani. In ba haka ba, duk unguwar da ta ga turaku sun yi yawa a ƙofarta, Gangare ce ko wata, za ta ɗauka da ita ake, kuma Jos ba ta bukatar sabon abin zargi.

Ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Jihar Filato, PLACCIMA, da ƙungiyar direbobi ta NURTW, da ta masu motocin sufuri ta NARTO, da shugabannin kasuwanni, su ne ya dace su gabatar da waɗannan sharuɗɗa ga gwamnati da Majalisar Dokokin Jiha. Bayan waɗanda aka ambata, su nemi a biya ɗan kwangila tsayayyen kuɗin aiki maimakon kamasho, a zuba kuɗin tara a asusu na musamman don danja da fitilun titi da wuraren tsallakawa, a kuma riƙa buga rahoto duk wata uku mai nuna yawan tara da yawan haɗurra a kowane wuri. Ƙin na'urar baki ɗaya ba zai amfani ɗan kasuwa ba, domin shi ne ke biyan kuɗin haɗari da na sasantawar bakin titi a halin da ake ciki.

Ma'aunin da za a riƙe a ƙarshe mai sauƙi ne. Idan bayan shekara biyu da kafa kyamara jami'i ya fito yana alfaharin cewa kuɗin tara sun ninka, jama'a su sani cewa shirin ya gaza. Idan kuwa ya ce tara ta ragu, gadajen sashen haɗari na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun sami sarari, kaya kuma na isa kasuwa lafiya, to, an kashe kuɗin jama'a inda ya dace.